Ƙwaƙwalwa Uku da Soket Ɗaya

Daga Wudil har ka dangana da iyakar Jigawa babu mahalukin da ya san hanyar da intanet ke bi kamar ni. Ba fariya nake ba, don da fariya ce da na haɗa har da Dutse. An yi lokacin da in na yi atishawa a zaurena na Gaya, sai saƙon wani ya maƙale a Ajingi har sai na ce alhamdu lillahi. Manya da yara Injiniya suke ce mini. Akuyar maƙwabcina ma in ta hango ni da jakar kwamfuta takan kauce ta ba ni hanya. Mutum ɗaya ne bai taɓa kirana da wannan suna ba, taubashina na Ajingi, ɗan kawuna, wanda tun muna ƙanana ya yanke hukuncin cewa bakina ya fi kaina girma.

Abin da ya jawo mini wannan sarauta shi ne ƙungiyar ci gaban yankinmu. Ita ta sayo intanet daga wani kamfani a Kano, aka kawo shi Gaya, daga nan muka kafa turakun ƙarfe masu faranti muka miƙa shi Kademi da Ajingi da Gafasa, zuwa makarantu da ƙananan asibitoci da wasu shaguna. A gindin kowane turke akwai akwati mai rarraba saƙonni. Akwatunan nan ba su da tunani ko na sisi. Kamar direbobin tasha suke, waɗanda ba sa ɗaukar fasinja sai ɗan kamasho ya ce ga layi, ga hanya. Ɗan kamashon kuwa wata manhaja ce a cikin kwamfuta, mu muna ce mata ƙwaƙwalwa. Ita ke gaya wa kowane akwati cewa saƙon asibiti ya wuce gaba, na makaranta ya bi ta nan, masu kallon ƙwallo su jira. In hanya ɗaya ta lalace, ita ke nemo wata. Daɗin abin shi ne daga kujera ɗaya kana iya juya garuruwa huɗu, kuma kujerar tawa ce.

Da farko ƙwaƙwalwar ɗaya ce tak, a zaurena. Na hana kowa a gidan taɓa ta. Na gaya wa mai ɗakina cewa duk wanda ya zare wayar nan daga soket, rabin gabashin Kano zai koma zamanin aika ɗan saƙo da jaki. Sai dai jama'a suka ƙaru, ƙwaƙwalwar ta fara nishi. Ranar da ta faɗi kuma, akwatuna sukan ci gaba da bin tsohon umarni, amma duk wani sabon abu sai ya tsaya cak, a yi ta kirana har wayata ta yi zafi. Wata rana ina tsakiyar cin shinkafar ɗaurin aure aka tashe ni, na bar cinyar kaza a faranti, har yau ina tuna ta.

Saboda haka ni da taubashina muka je Kano wani horo, muka dawo da dabarar raba ƙwaƙwalwa uku. Ɗaya a zaurena, ɗaya a shagonsa na Ajingi, ɗaya a sito na wata makaranta a Kademi. Kullum suna cikin tambayar juna, kina nan, ina nan, kuma abin da ɗaya ta sani duk sun sani. Ɗaya ce ke shugabanci. In ta yi shiru, biyun da suka rage su haɗa baki su naɗa ɗaya a cikinsu, aiki ya ci gaba ba tare da mai kallon ƙwallo ya sani ba. Dole sai uku, domin in biyu ne kuma hanya ta yanke tsakaninsu, kowace za ta ɗauka 'yar uwarta ta mutu, ta hau kujera, a wayi gari da shugabanni biyu.

Rigimar ta taso ne a taron kwamiti, kan abin da za a yi in wadda ta faɗi ta farfaɗo. Taubashina ya ce a bar wadda ke riƙe da shugabanci ta ci gaba, mai farfaɗowa ta zauna a baya. Haka aka koya mana, ban musa ba. Amma ni na miƙe na gyara hula na ce, jama'a, ku ji fa abin da mutumin nan ke nufi. Yana nufin in ta Gaya ta ɗan yi gyangyaɗi, shi ke nan Ajingi ta mulke mu har illa masha Allah. Ajingin da jiya-jiyan nan aka yanke ta daga jikin Gaya, cibiyarta ma ba ta gama bushewa ba.

Yawancin dattawan kwamitin mutanen Gaya ne, sai na ga kawuna sun fara gyaɗawa.

Taubashina ya ce, "Ko a masallaci, in liman ya makara na'ibi ya riga ya yi kabbara, ai shiga sahu yake yi."

Na ce, "Wannan liman ne. Kwamfuta ka taɓa ganin ta yi alwala?"

Aka yi dariya, shugaban kwamiti, wani tsohon hedimasta, ya share hawaye ya ce a ba babba girmansa. Aka tsayar cewa duk lokacin da ta Gaya ta buɗe ido, shugabanci nata ne, sauran su miƙa mata. Ni na saita da hannuna, ina yi ina waƙa. Taubashina ya ɗauki hularsa ya ce Allah ya kai mu damina. Na ɗauka addu'ar manomi ce.

Yana da 'ya, babbar 'yarsa, malama a wata Islamiyya a Gafasa. Ta karanta lissafi a jami'a, ta dawo tana koyarwa, tana ta neman tallafin ƙaro karatu har wata jami'a ta ƙasar waje ta sa ta cikin waɗanda za a gana da su ta bidiyo. Ganawa ɗaya ce, ba a maimaitawa. Sabis ɗin waya a Gafasa kuwa sai ka hau tudu ka ɗaga hannu kamar mai rantsuwa. Saboda haka ta shirya ta tafi Kano ta kwana gidan ƙanwar babarta, ta yi ganawar a can.

Da na ji, sai na ji kamar an mare ni a kasuwa. Na hau babur na same ta a gidansu.

Na ce, "'Yata, Kano za ki? Kina da baffa irina?"

Ta ce, "Baffa, tsoro nake ji kada ya yanke. Sun ce in ya yanke za su wuce kan na gaba."

Na ce, "Layin da ke da ƙwaƙwalwa uku? Ke kanki guda ɗaya gare ki, kuma da ita kika cinye lissafi. Ki zauna a ofishin makarantarku, ki sha kununki, ki yi magana da Turawa kamar suna bayan katanga. In ya yanke, ki daina gaishe ni."

Ta dubi babanta. Shi kuma ya dubi sama, ya ce ai baffanta ya yi magana. Ta fasa tafiya Kano.

Makon ya zo a tsakiyar marka. Kwana da kwanaki ba mu ga rana ba, sai yayyafi da gajimare kamar an kifa wa duniya ƙwarya. Manoma suna murna, gero ya yi baƙi-ƙirin don kyau, ni kuma ban ko tuna cewa farantan sola na kan rufina ba su ci abinci ba. Turakun suna da batiransu masu ƙarfi. Ƙwaƙwalwar zaurena ce ke kan tsohon batirin gidana, wanda ya riga ya ga duniya.

Ranar ganawar na isa Gafasa da hantsi cikin sabuwar shadda, don in tsaya a bayanta in ga yadda aikina ke haskakawa. Tana zaune gaban kwamfuta da hijabinta mai ruwan toka, leɓɓanta na motsi, ko addu'a take ko bitar amsoshi. Babanta yana kan benci yana jan carbi. Ni na kasa zama. Na gyara labule, na matsar da tebur, na mayar da shi inda yake, na leƙa turke ta taga, na dawo na goge gilashin kwamfutar da hannun rigata.

Fuskoki uku suka bayyana, mata biyu da wani dattijo mai gilashi. Aka gaisa. Ta fara bayanin kanta da Turancin da ni kaina na ji na ƙara tsawo. Sai dattijon ya buɗe baki zai yi tambaya, ya ƙame a haka, baki buɗe.

Na ce, "Daga can ne. Su ma ai suna da damina."

Hoton ya dawo. Ta ba da haƙuri, ta ci gaba. Ba ta kai ƙarshen jimla ta uku ba suka sake ƙamewa.

Na buɗe tawa kwamfutar a kan gwiwa, na shiga in ga wa ke shugabanci. Ajingi. Kafin in sauke numfashi ya koma Gaya. Na ƙifta ido, babu kowa. Sai Ajingi kuma. Nan take gumi ya keto mini cikin wannan sanyi, domin na gane abin da ke faruwa a zaurena kamar ina tsaye a ciki. Batiri ya yi rauni. Inbata, wato na'urar da ke juya wutar batiri ta koma ta soket, tana ɗauka, ƙwaƙwalwar Gaya ta farka, ta ce ku miƙo, ni ce babba. Sauran su miƙa. Ta fara aika wa kowane akwati umarni sabo fil daga farko, kamar sabon shugaban ƙaramar hukuma da ya zo yana sauya wa kowa ofis. Kafin ta gama, nauyinta ya fi ƙarfin batirin, wuta ta ɗauke, ta faɗi. Ajingi da Kademi su jira, su tabbatar ta yi shiru, su naɗa Ajingi, ta gyara ɓarnar, layi ya dawo. Batiri ya ɗan huta, inbata ta sake ɗauka, babba ta sake buɗe ido.

Da mutuwa ta yi gaba ɗaya, da ba wanda zai sani. Matsalar ita ce ta ƙi mutuwa kuma ta ƙi rayuwa.

Taubashina ya taso ya leƙa ta kafaɗata. Bai daɗe yana kallo ba.

Ya ce a hankali, "Liman ne ya dawo?"

Na ce, "Ba lokacin wasa ba ne."

"Ai ni ban yi dariya ba."

Da hoton ya dawo karo na uku, ɗaya daga cikin matan ta yi magana, 'yarmu ta gyaɗa kai, allon ya yi duhu. Ta juyo. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce sun ce za su ga sauran mutanen da ke layi, in sun gama za su sake kiranta sau ɗaya. In ya sake yankewa, shi ke nan.

"Baffa, zai gyaru?"

Na ce, "Ya riga ya gyaru, saura ki gani."

Ƙarya ce tsagwaronta. Na gwada shiga ƙwaƙwalwar Gaya daga nan in kashe ta, amma kafin in gama rubuta kalmar sirri ta sake faɗuwa. Na sake gwadawa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. In ce wa sauran biyun su daina sauraronta kuwa, sai an tashe su duka an sake kunnawa, kuma ban san a wane hali za su dawo ba. Na fita cikin yayyafi na hau tudun bayan makaranta, na ɗaga waya sama na kira mai ɗakina don ta zare wayar ƙwaƙwalwar daga soket. A kashe. Na sake kira. A kashe. Na kira maƙwabcina, ya ce yana gona wajen Kademi. Na zagaya tudun nan kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

Taubashina ya biyo ni har can, ruwa na ɗiga daga hularsa.

Ya ce, "Yarinyar nan ta daɗe tana jiran wannan rana."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Da zagina ya yi, ina da amsa guda ɗari.

Ruwan ya ɗan tsagaita, na taka babur na ce masa kafin su kira na isa Gaya na kashe ta da hannuna. Ya dubi hanya, ya dube ni.

Wanda bai bi hanyar nan a marka ba bai san taɓo ba. Akwai wani rami da na shiga, wallahi sai da na ga kifi ya wuce ta gaban fitilata. Na fito na tarar da garken shanu sun cika hanya, suna tafiya kamar masu rakiyar amarya, na yi hon har babban bajimin ya juyo ya dube ni irin kallon da taubashina ke yi mini. Gaba kaɗan wata a-daidaita-sahu ta kafe a tsakiyar kwalbati, fasinjoji sun sauka suna turawa, suka ce Injiniya taimaka. Na ce yau ba ni ba ne, na bi ta gefen gonar wani, Allah ya yafe mini gyaɗar da na taka. Duk tafiyar nan kaina na lissafi. Sun gama da na farko. Sun kira na biyu. Watakila na biyun bai zo ba. Watakila yanzu haka suna kiranta, dattijo mai gilashi ya sake ƙamewa, matar nan ta rufe takardunta. Sai in ƙara murɗa mai, babur ya yi gefe, in sauke ƙafa, takalmina ɗaya ya zauna a taɓo. Ban tsaya ɗaukarsa ba. Na tuna fuskarta lokacin da ta dubi babanta ta fasa zuwa Kano. Na yi alkawura iri-iri a hanyar nan, har da na daina surutu, abin da ko mahaifiyata ba ta samu daga gare ni ba.

Na shigo Gaya kamar gunkin laka. Yara suka bi ni da kallo, ba wanda ya gane Injiniya. Na jefar da babur a ƙofar gida, na banka ƙofar zaure, na miƙa hannu wajen soket.

Zauren shiru. Fitilun ƙwaƙwalwar a mace. Wayar wutarta na yashe a ƙasa. A cikin soket ɗin kuwa cajar waya ce, wayar mai ɗakina tana kwance a kan ƙwaƙwalwar Gaya, babbar ƙwaƙwalwar gabashin Kano, tana shan wuta cikin kwanciyar hankali.

Ta leƙo daga tsakar gida da ludayi a hannu, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Malam, rijiya ka faɗa?"

Na nuna soket. Bakina ya ƙi buɗewa, karo na farko a tarihi.

Ta ce, "Kada ka fara. Tun safe abin nan ke ƙi-ƙi-ƙi kamar ɗan tsakon da ya ɓata, ya yi shiru, ya sake. Kaina har ya yi ciwo. Ga wayata ta mutu tun jiya. Na ce in rabin Kano za ta koma jaki, ta koma, ni dai sai na kira yayata."

"Yaushe kika cire?"

"Da ruwan nan ya tsagaita."

Wato ina taka babur a Gafasa, ita tana sunkuyawa a Gaya.

"Laifi na yi?"

Na zauna a ƙasa da ƙafa ɗaya ba takalmi. Na ce ta ba ni wayarta, tawa ta sha ruwa. Na kira taubashina ta intanet. Muryarsa ta fito tar, har ina jin 'yarsa a bayansa tana dariya da wata malama. Ya ce sun kira ta, sun yi ta tambayoyi har suka wuce lokacin da suka ɗiba mata, hoto bai ko girgiza ba. Ajingi ta karɓi shugabanci, Kademi ta mara mata baya, akwatin turken Gaya yana ta bin umarninsu ba gardama. 'Yarsa ta karɓi wayar ta ce, "Baffa, sannu da hanya, Allah ya saka." Na ce ba komai 'yata, aikinmu ne. Mai ɗakina ta dube ni, ta koma wajen tukunyarta.

A taron kwamiti na gaba aka cire wannan saiti na girma. Yanzu duk wadda ta faɗi ta farfaɗo, sahu take shiga. Na ƙara batiri, na kuma sa wani soket daban a zaure don zaman lafiyar iyali. Amma na sa an rubuta a zuciyar kowa cewa wannan sassauci ne daga Gaya, domin har gobe Gaya ce babba.

Bayan kaka saƙo ya zo sun ɗauke ta. Babanta ya yi 'yar walima a Ajingi kafin ta tafi, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka kawo waina da miyar taushe. Jama'a suka ce Injiniya ya ba da labarin ranar. Ni kuwa da ma jira nake. Na miƙe tsaye don labarin ba ya zaunuwa. Ramin nan ya zama kogi, kifin ya zama kada, shanun suka kai dubu, na rasa takalma biyu da hula. Na nuna yadda na kwanta a kan babur, na nuna yadda na banka ƙofa. Maganar caja ce kawai na ga ba ta da muhimmanci ga tarihi. Na rufe da cewa ba don na tashi daga Gafasa a wannan lokaci ba, da yanzu wani labarin ake.

Taubashina ya tsoma waina a miya, ya tauna a hankali, ya haɗiye.

Ya ce, "Wannan gaskiya ne. Kai da injinka halinku ɗaya. Yana yin shiru, kana fita daga ɗakin, sai komai ya daidaita."